Dizal Daga Man Girki: Yadda Aka Nemi Rabuwa da Soda

A baje kolin duniya na birnin Paris a 1900, wani ƙaramin injin dizal ya yi aiki da man gyada zalla. Gwamnatin Faransa ce ta nemi a gwada, tana hangen gyadar da ake nomawa a ƙasashen Afirka da take mulka. Injin ya tashi lafiya. Sai dai man girki kauri gare shi, in aka daɗe ana ƙona shi sai ya bar daskararren datti a cikin inji.

Wani malami a Jami'ar Brussels, Chavanne, ya samo mafita. A 1937 ya yi rajistar hanyar haɗa manja da sinadarin etanol: etanol ya kori glisarin daga jikin man ya maye gurbinsa, sai a samu mai tsinkakke da inji zai iya sha. A 1938 wata bas ta yi jigila da shi tsakanin Brussels da Louvain.

Wannan musaya ba ta sauri sai da ɗan zuga, wato sinadarin da ke hanzarta ta. Masana'antun da suka bunƙasa a Turai daga shekarun 1990 sun dogara da soda da danginta, suna narka ta a cikin metanol. Arha gare ta, ga sauri. Amma duk macen da ta taɓa dafa sabulu ta san halin soda in ta haɗu da mai: wani kaso ya zama sabulu, sai an wanke dizal ɗin da ruwa mai yawa, glisarin ya fito da gishiri, sodar kuma ta tafi ke nan, gobe sai an sayi wata.

Shi ya sa aka koma neman ɗan zuga mai tauri, wanda ba ya narkewa. A 2006, a garin Sète na kudancin Faransa, aka buɗe masana'anta mai iya fitar da tan 160,000 a shekara, bisa fasahar Esterfip-H ta cibiyar binciken man fetur ta Faransa. Ƙwayoyin haɗin zinki da alminiyam ne aka jibge a cikin tukunyar ƙarfe. Mai da metanol su ratsa su wuce, ƙwayoyin na nan daram. Babu sabulu, babu wanki, glisarin kuma ya fito da tsarkin kusan kashi 98 cikin 100.

Sai dai tsadar tana wurin wuta, domin hanyar na bukatar zafi da matsi fiye da ta soda nesa ba kusa ba. Har yau yawancin masana'antun dizal ɗin tsirrai da narkakkiyar soda suke aiki.