Sauyin Shugabanci a Kamfanin Ƙera Injunan Lantarki: Nazari a kan General Electric, 1892 zuwa 2024

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin sauye-sauyen shugabanci a kamfanin General Electric na Amurka, musamman sashensa mai ƙera injunan samar da wutar lantarki. Hujjar da ta kafa ita ce, al'adar naɗa magaji daga cikin gida, wadda ta riƙe kamfanin fiye da ƙarni guda, ita ce kuma ta hana a ga ɓarakar wannan sashe da wuri.

1.0 Asali

An kafa kamfanin a 1892, bayan haɗewar Edison General Electric da Thomson-Houston. Sunan Thomas Edison ne ya fi fita, amma ragama tana hannun Charles Coffin, ɗan kasuwar da ya fito daga ɓangaren Thomson-Houston. Tun daga kansa har zuwa 2018, duk wanda ya hau kujerar shugabanci a cikin kamfanin ya taso. Jack Welch, wanda ya yi mulki daga 1981 zuwa 2001, ya faɗaɗa sashen ba da lamuni har ya zama babbar hanyar samun riba, sannan ya miƙa wa Jeff Immelt.

2.0 Cinikin Alstom

Rikicin kuɗi na 2008 ya jijjiga sashen lamuni, sai Immelt ya ƙudiri aniyar mayar da kamfanin ga sana'arsa ta asali, wato ƙira. A Nuwamban 2015 ya kammala sayen sashen makamashi na kamfanin Alstom na Faransa a kan kimanin dala biliyan 10. Lissafinsa shi ne duniya za ta ci gaba da gina tashoshin gas da na kwal, kuma kowane injin da aka sayar yana jawo kwangilar gyara da sauya kayayyaki ta shekaru masu yawa. A wannan sana'a, ribar tana cikin kwangilar gyaran fiye da cikin sayar da injin.

Kasuwa ba ta bi lissafin ba. Wutar rana da ta iska suka yi araha, masu tashoshi suka rage sayen manyan injunan gas. Kishiyar kamfanin ma, wato Siemens na Jamus, ta sanar a Nuwamban 2017 cewa za ta rage ma'aikata 6,900, don haka ba za a ɗora wa Immelt laifin faɗuwar kasuwar ba. Abin tambaya shi ne me ya sa aka daɗe ba a faɗa ba. A Disamban 2020 hukumar da ke sa ido kan hada-hadar hannayen jari a Amurka ta ci kamfanin tarar dala miliyan 200 saboda ɓatar da masu zuba jari. Ta gano cewa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ribar sashen lantarki a 2016, da kusan rabinta a watanni tara na farkon 2017, sun samo asali ne daga rage ƙiyasin kuɗin da za a kashe a kwangilolin gyara. Riba ce ta takarda, wadda alƙalami ya haifa. A ganin wannan maƙala, irin wannan rufa-rufa ta fi samun gindin zama inda manya da na ƙasa duk suka fito daga makaranta ɗaya, kowa yana jin nauyin wanda ya raine shi.

3.0 Shugabanni biyu cikin wata 14

John Flannery ya gaji Immelt a Agustan 2017. Ya rage rabin ribar da ake raba wa masu hannun jari, a Disamba kuma sashen lantarki ya sanar da sallamar ma'aikata 12,000. Shi ma ɗan gida ne, yana cikin waɗanda suka tsara cinikin Alstom. A Yunin 2018 aka cire kamfanin daga ma'aunin hannayen jari na Dow Jones, ranar 1 ga Oktoba kwamitin daraktoci ya sauke Flannery, ya naɗa Larry Culp, tsohon shugaban kamfanin Danaher, baƙo na farko da ya taɓa riƙe wannan kujera. A wannan zangon aka zabtare dala biliyan 22 daga darajar sashen lantarki a littattafan kamfanin.

Culp ya raba sashen, ya damƙa injunan gas ga Scott Strazik, ya duƙufa kan biyan bashi. A 2020 kamfanin ya daina neman aikin sababbin tashoshin kwal. A Nuwamban 2021 aka sanar da raba shi gida uku.

Wannan al'amari ya shafi Nijeriya kai tsaye, domin injunan kamfanin ne ke aiki a tashoshi irin su Kalaba da Omotosho, da tashar gaggawa ta Maiduguri mai megawat 50 da aka buɗe a 2023. Duk mai irin wannan inji ya ɗaura aure na shekaru da wanda ya ƙera shi, saboda kayan gyara, don haka ya kamata hukumomin lantarki su riƙa bibiyar halin kuɗin kamfanin kamar yadda suke bibiyar farashin injunansa. Ranar 2 ga Afrilun 2024 sashen makamashi ya zama kamfani mai cin gashin kansa da sunan GE Vernova, ƙarƙashin Strazik, kuma yanzu wannan kamfani ke da alhakin waɗannan injuna.