Mi ya sa kwamfuta ke ɓata sunan Maïjirgui?

 Akwai ranar da aka kawo mana jerin sunayen garuruwa mu karanta a rediyo, sai muka tarar an buga MaÃ¯jirgui da TchakÃ©. Muka ɗauka mai bugawa ne ya yi kuskure. Ashe abin yana da tarihi.

Kwamfuta ba ta san harafi ba, sifili da ɗaya kawai take ajewa. Harafin A a wajenta lamba 65 ce, wato 01000001. Kafin mu iya karantawa, sai ta duba wani jadawali da ke faɗin harafin kowace lamba.

Jadawalin da ya fara yaɗuwa shi ne ASCII, wanda aka fitar a Amurka a 1963. Gurbi 128 gare shi, an auna shi da Ingilishi, babu é balle ƙ. A 1987 aka tsaida Latin-1 mai gurbi 256. Faransanci ya samu é da ï, amma ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba su samu wuri ba. Shi ya sa aka saba rubuta Bako a madadin Baƙo.

Unicode ya fito a 1991 da niyyar ba kowane harafi na duniya lambarsa, haruffanmu masu lanƙwasa ma suka samu tasu. A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, hanyar da yawancin shafukan intanet ke bi yau. A cikinta é guda ɗaya gurbi biyu take ci. In aka aje suna da UTF-8, aka buɗe shi da tsohon jadawali, sai gurbin nan biyu su fito haruffa biyu: Ã da ©. Kun ga inda TchakÃ© ta samo asali.

To, wanga abu ba wasa ba ne. Suna ya bambanta tsakanin takardar haihuwa da takardar jarrabawa, yaro na iya shan zirga-zirga kafin a gyara. Sau da yawa sunan na nan daidai cikin ma'ajiyar bayanai, karatun ne ya karkace, amma in alamar tambaya ta maye gurbin harafi aka aje haka, harafin ya tafi.

Tun 1999 Nijar ta tsaida ƙa'idar rubutun Hausa. Don haka mu duba sunayenmu harafi bayan harafi kafin mu bar ofis. Allah ya sa mu dace.