Filin Jirgin Sama na Jibiralta

Jibiralta wani ƙaton dutse ne a kudancin ƙasar Sifen, daidai ƙofar Bahar Rum. Asalin sunan Jabal Ɗariƙ ne, watau dutsen Ɗariƙu ɗan Ziyadu, sarkin yaƙin da ya ƙetaro da rundunar Musulmi cikin shekarar 711. Turawan Ingila suka ci shi cikin 1704, aka tabbatar musu da shi bisa alkawarin 1713. Bisansa ya kusa ƙafa 1,400, ruwa ya kewaye shi, sai ta arewa kaɗai inda wani ɗan siririn fili mai rairayi ya haɗa shi da Sifen. Duk ƙasar ba wani shimfiɗaɗɗen wuri sai wannan, nan kuwa Turawa suka yi filin sukuwa.

Da Yaƙin Hitila ya taso cikin 1939, sai aka mai da filin sukuwan nan wurin saukar jiragen sama. Amma ya yi gajarta ƙwarai. To, ina za a sami ƙasar da za a ƙara? Gabas ruwa, yamma ruwa. A lokacin nan kuwa soja suna ta fasa cikin dutsen da nakiya, suna haƙa ramummukan ɓuya. Sai aka riƙa kwasar duwatsun da su ke fitarwa ana zubawa cikin teku ta yamma, har filin ya miƙe cikin ruwa kamar harshe. Tsawonsa daga baya ya kai mil ɗaya da 'yan kai.

Wahalar nan ba ta tafi banza ba. Cikin Nuwamba 1942, sa'ad da Amurka da Ingila suka kai yaƙi Afirka ta Arewa, jirage ɗaruruwa suka taru nan, fiffike na gogar fiffike, Janar Eisenhower kuwa yana cikin ramin dutsen yana ba da umurni. Amma ran 4 ga Yuli 1943 da dare, jirgin da ya ɗauko Janar Sikorski, shugaban gwamnatin Polan da ke gudun hijira, tashinsa ke nan sai ya faɗa teku. Ba wanda ya tsira sai matuƙin.

Babban abin da matuƙa ke tsoro a nan iska ce. In ta bugi dutsen takan karyo tana juyawa kamar guguwa, ta yi ta jijjiga jirgin da ke shirin sauka, har wani lokaci tilas ya haƙura ya nufi Malaga.

Ga kuma wani abin mamaki. Da ya ke filin ya gitta daga ruwa zuwa ruwa, a da hanyar mota guda ɗaya da ke zuwa Sifen ba ta da mafita sai ta tsakiyarsa. A lokacin, in jirgi zai sauka, sai a sa shinge a tsai da motoci da mutane, kamar yadda a ke yi inda hanya ta ƙetare layin dogo. Muddin iyaka tana rufe, watau daga 1969 har aka buɗe ta sosai cikin 1985, abin da sauƙi. Bayan nan motoci suka yawaita, jira ya zama azaba. Sai cikin Maris 2023 aka buɗe hanyar ƙarƙashin ƙasa ta gefen gabas domin motoci, aka bar masu ƙafa da masu keke suna bi ta tsakiyar filin.