Lugard Hall: Majalisar da Ta Yanka wa Nijeriya Rigar Tarayya

Idan ana labarin haihuwar Nijeriya, hankali kan tafi filin sukuwa na Legas, inda aka sauke tutar Ingila a daren 1 ga Oktoba 1960. Ba laifi, can aka yi biki. Amma siffar da ƙasar ta fito da ita, wato tarayya mai jihohi masu ƙarfi, majalisun da ke zama a Lugard Hall, ginin nan mai ƙubba a tsakiyar Kaduna, suna da hannu dumu-dumu cikinta.

Tsarin mulkin Richards, wanda ya fara aiki a 1947, shi ya ba Arewa majalisu biyu: ta Wakilai da ta Sarakuna. Da farko shawara kawai suke bayarwa, Bature ke jan zama, Bature ke yanke hukunci. An kuma laƙaba wa zauren da ya zame musu gida sunan Lugard, mutumin da ya ci Kano da Sakkwato da yaƙi a 1903, ya haɗe Kudu da Arewa a 1914. Abin da ya bambanta majalisar Kaduna shi ne ana muhawara da Hausa da Turanci, tafinta na juyawa. Saboda haka hakimin da bai taɓa shiga Kwalejin Katsina ba yana iya miƙewa ya gyara rawani ya ƙalubalanci Razdan.

Ba a daɗe ba majalisar ta nuna tana da haƙora. A Agustan 1950 Malam Abubakar Tafawa Balewa, malamin makaranta daga Bauci, ya kawo ƙudurin a yi wa mulkin En'e garambawul, a daina barin iko a hannun sarki shi kaɗai. A lokacin wannan magana ce mai nauyin gaske. Da ƙyar ƙudurin ya tsallake, amma daga nan aka kama hanyar da ta kai ga dokar En'e ta 1954.

Babban al'amarin dai a 1953 ya faru. Ranar 31 ga Maris, Anthony Enahoro na jam'iyyar Action Group ya nemi majalisar Legas ta amince a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, ya nemi a cire shekarar, a bar shi sai lokacin da ya dace. Dalilinsa a fili yake: Arewa ba ta da isassun masu ilmin boko, in Turawa suka tafi a lokacin, ofisoshinta za su koma hannun ma'aikatan Kudu. 'Yan Action Group (AG) da na jam'iyyar NCNC suka fice daga zauren. A waje taron jama'a ya yi wa wakilan Arewa ihu da zagi, aka kira su 'yan amshin shatan Turawa, abin ya bi su har tashoshin jirgin ƙasa a hanyar gida. A watan Mayu, da aka ji Akintola, ɗaya daga cikin jagororin AG, zai kawo rangadin jam'iyyar Kano, rikici ya ɓarke, hukuma ta ƙidaya gawa 36.

Cikin wannan zafin rai majalisun biyu suka zauna a Kaduna suka amince da buƙatu takwas. Kowace jiha ta riƙe dukkan al'amuranta, in ban da tsaro, hulɗa da ƙasashen waje, kwastan da cibiyoyin bincike. Kada a yi majalisar dokoki ta tsakiya, sai dai wata hukuma da za ta kula da waɗannan abubuwa na haɗin gwiwa. Wannan kam saura ƙiris a ce kowa ya kama gabansa. Abin da ya taka musu birki, a ganina, teku ne: gyaɗar Kano da audugar Funtuwa da kuzar Jos duk ta layin dogo suke gangarawa tashar jiragen ruwa a Kudu. Shi ya sa ko a cikin fushin ba su yarda sun sakar wa jihohin Kudu kwastan ba.

Sakataren mulkin mallaka, Oliver Lyttelton, ya gane tsarin mulkin Macpherson, wanda ake aiki da shi a lokacin, ya mutu. Ya kira shugabanni Landan a Yulin 1953, aka ƙarasa a Legas farkon 1954. Arewa ta janye batun rushe majalisar tsakiya, aka ba jihohi ikon da ya rage bayan an lissafa na tarayya, kowacce da Firimiyanta, ma'aikatanta, kotunanta da hukumar cinikin amfanin gonarta. Ranar 1 ga Oktoba 1954 tsarin ya fara aiki, Sardauna ya zama Firimiya.

Gabas da Yamma sun karɓi mulkin kai a 1957. Arewa ta jira sai 15 ga Maris 1959, zamanin Gwamna Gawain Bell, kuma ba da ka aka zaɓi ranar ba: ita ce ranar da Sakkwato ta faɗi a 1903.

Juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, wanda aka kashe Sardauna a cikinsa, ya rufe majalisun, aka kuma raba Arewa jihohi shida a 1967. Ginin ya faɗa hannun Majalisar Dokokin Jihar Kaduna, wadda a Yunin 1981 ta tsige Balarabe Musa, gwamna na farko da majalisa ta cire a tarihin Nijeriya.