Shigar da Laburare Mai Aiki a Dandali Ɗaya Cikin CPython: Nazari a kan Sharuɗɗan Karɓa da Dalilan Cirewa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda masu kula da CPython, wato babbar manhajar da ke aiwatar da harshen Python, suke karɓar laburaren da ba ya aiki sai a kan dandali ɗaya, kamar Windows ko Linux, da yadda suke cire shi idan ya zama kaya. An dogara ne a kan takardun shawarwari da ake kira PEP, musamman masu lamba 11 da 594 da 730 da 738. Binciken ya gano cewa ingancin kod shi kaɗai ba ya sa laburare ya zauna. Abin da ke tsare shi shi ne samun mutumin da zai kula da shi, da na'urar da za a riƙa gwada shi a kai.

Gabatarwa

A fagen shirya manhaja, laburare shi ne tarin umarnin da aka riga aka rubuta domin wasu su ɗauka su yi aiki da shi. Python ya yi suna wajen zuwa da laburarensa masu yawa, kuma yawancinsu suna aiki a kowace kwamfuta. Akwai kaɗan da ba haka suke ba. winreg, wanda ke karanta rajistar Windows, ba ya samuwa a Linux. Duk wanda ya kira shi a can, saƙon kuskure zai samu cewa babu wannan kunshi. Haka fcntl da termios, na dangin Unix ne, Windows ba ta san da su ba. Tambayar ita ce: me ke sa aikin da jama'a ke yi a buɗe, galibi na sa-kai, ya ɗauki nauyin abin da wani ɓangare na masu amfani kaɗai zai mora?

Sharuɗɗan Karɓa

Martin von Löwis ya rubuta PEP 11 a 2002 domin tsara yadda za a daina tallafa wa dandalin da aka yi watsi da shi. A 2022 aka sabunta takardar, aka kasa dandaloli mataki uku. A mataki na ɗaya, inda Windows da macOS da Linux na manyan injuna suke, nauyin yana kan dukkan jiga-jigan masu kula, kuma idan gwaji ya faɗi ba za a fitar da sabon zubi ba. Mataki na biyu yana buƙatar aƙalla mutum biyu daga cikinsu da suka sa hannu, da na'urar gwaji tabbatacciya da ake kira buildbot. Canjin da ya ɓata aiki sai a gyara shi ko a janye shi cikin awa 24. Mataki na uku mutum ɗaya ya isa, kuma faɗuwar gwaji ba ta hana fitarwa.

Babu wani sharaɗi a cikin waɗannan da ya yi maganar kyan rubutu. Duk magana ce ta mutane da injuna. Dalilin a fili yake. Mai kula da ke aiki a kan Linux ba shi da hanyar sanin ko gyaransa ya karya wani abu a Windows, domin gwajin winreg tsallake shi ake yi a kwamfutarsa. Sai na'urar gwaji ta Windows ta gudanar da shi ta nuna ja, sannan a san an yi ɓarna. Inda babu irin wannan na'ura, kod yana iya lalacewa shekara da shekaru ba wanda ya sani.

Ga kuma tsawon nauyin. Tun daga zubi na 3.9 ake fitar da Python sau ɗaya a shekara, kowane zubi ana tallafa masa shekara biyar, kuma ƙa'ida ta hana cire abu sai an yi gargaɗi a zubi biyu aƙalla. Bayar da laburare kamar kai yaro riƙo ne: mai karɓa yana duban shekarun ciyarwa da ke gaba.

Abin da Aka Cire

Tarihin msilib ya isa misali. An shigar da shi a zubi na 2.5 a 2006 domin haɗa fayilolin girka manhaja na Windows, kuma da shi ake haɗa na Python kansa. Muddin ana wannan amfani, yana samun kulawa. Da aka koma haɗa na Python da manhajar WiX daga zubi na 3.5, sai ya rasa babban mai buƙatarsa a cikin gida. Christian Heimes ya gabatar da PEP 594, mai neman cire tsofaffin laburare, a 2019, Brett Cannon ya shiga a matsayin abokin rubutu, aka amince da ita a 2022, aka cire kunshi 19 a zubi na 3.13 a Oktoban 2024. Cikinsu akwai msilib, da ossaudiodev wanda Linux ta riga ta bar tsarin sautinsa ta koma ALSA, da nis da spwd da crypt na Unix. An taɓa yin irin wannan shara a zubi na 3.0 a 2008, lokacin da aka zubar da kayan dandalin IRIX da na tsohuwar Mac.

Hanyoyi Biyu da Suka Ɗore

Hanya ta farko ita ce sa abin dandali a ƙarƙashin fuska ɗaya. Linux tana da epoll, BSD da macOS suna da kqueue, dukansu don sa ido a kan hanyoyin sadarwa da yawa lokaci guda. Kunshin selectors, wanda ya zo a zubi na 3.4, shi ke zaɓar wanda ya fi dacewa da injin da yake kai. Mai shirya manhaja rubutu ɗaya yake yi, amma kodin kowane dandali yana samun masu amfani kullum, don haka ɓarnarsa ba ta ɓuya.

Ta biyu ita ce zama a waje. pywin32, wanda Mark Hammond ya fara, ya fi duk abin da CPython ke da shi na Windows faɗi, amma bai shiga ciki ba. A PyPI, ma'ajiyar laburaren Python na waje, ake samunsa, yana fitowa a lokacin da masu shi suka ga dama. A ganin wannan nazari, nan ne ya dace yawancin sababbin laburaren dandali su tsaya.

Masu kawo iOS da Android sun haɗa hanyoyin biyu. Russell Keith-Magee ya rubuta PEP 730, Malcolm Smith ya rubuta PEP 738, dukansu daga aikin BeeWare, kuma dandalolin biyu sun shiga mataki na uku a zubi na 3.13. Abin da suka nema a shigar kaɗan ne: tsarin ginawa, da 'yan ayyuka kamar ios_ver da android_ver masu faɗin zubin wayar, da bayani ƙarara cewa iOS ba ta barin manhaja ta haifi wata ta hanyar subprocess. Gadar da ke haɗa Python da Objective-C, wato Rubicon, sun bar ta a hannunsu, suka kuma samar da na'urorin gwajin da PEP 11 ta shardanta.