Dakta Mustafa Chamran: Masanin Kimiyyar da Ya Zama Ministan Tsaro da Kwamandan Yaƙi a Iran

Duk lokacin da aka tayar da hirar Iran a majalisa, sunan Ƙasim Sulaimani ne ke fara fitowa. Amma tun kafin duniya ta san Sulaimani akwai wani mutum da ya ƙulla zumunci tsakanin masu juyin juya halin Iran da 'yan Shi'ar kudancin Labanan, wato Dakta Mustafa Chamran. A ganina wanda bai san tarihinsa ba zai sha wahalar gane yadda hannun Iran ya kai Labanan. Shi ya sa na tattaro muku shi a taƙaice.

Haihuwa da karatu

An haifi Chamran a birnin Tehran a shekarar 1932. Ya yi digirinsa na farko a fannin injiniyan lantarki a Jami'ar Tehran, sannan ya samu tallafin karatu zuwa Amurka. A can ya yi digiri na biyu a Jami'ar Texas A&M, ya kammala digirin digirgir a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1963. Daga nan ya yi aikin bincike a kamfanin Bell Labs, inda manyan masana kimiyya ke aiki.

To amma siyasa ba ta bar shi ya zauna ba. Yana cikin ɗaliban Iran da ke adawa da mulkin Sarki Muhammad Reza Pahlavi daga waje, kuma ɗan ƙungiyar 'Yantar da Iran ne, wadda Mahdi Bazargan ke jagoranta. Bayan da gwamnatin sarkin ta murƙushe zanga-zangar watan Yunin 1963, Chamran da abokansa suka yanke cewa magana kaɗai ba za ta kawar da mulkin ba. Sai ya tafi Masar, zamanin Shugaba Jamal Abdul Nasir, ya samu horon yaƙin sunƙuru.

Zamansa a Labanan

A farkon shekarun 1970 ya koma Labanan, ya haɗu da Imam Musa Sadr, malamin da ke fafutukar ɗaga darajar talakawan Shi'a na kudancin ƙasar. Chamran ya riƙe makarantar koyon sana'a da Sadr ya kafa kusa da birnin Sur, inda ake koya wa marayu da 'ya'yan talakawa aikin hannu. Da rikici ya tsananta, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Amal, wadda aka bayyana a 1975, kuma ya horar da mayaƙanta na farko. Amal na nan har yau, shugabanta Nabih Berri ne ke riƙe da kujerar kakakin majalisar Labanan tun 1992. Shi kuwa Musa Sadr ya ɓace a Libiya a watan Agustan 1978.

Komawa gida da muƙamin minista

Da juyin juya hali ya yi nasara a 1979, Chamran ya koma Iran bayan kusan shekara 20 a waje. Firaminista Bazargan ya naɗa shi mataimakinsa. A watan Agusta na wannan shekara mayaƙan Kurdawa suka yi wa garin Paveh ƙawanya, Chamran na ciki tare da 'yan tsirarun dakarun gwamnati. Ayatullahi Khomeini ya ba da umarnin a tura sojoji, aka karya ƙawanyar. Wannan ne ya fito da sunansa a ƙasar, kuma ba a jima ba aka ba shi ministan tsaro, alhali bai taɓa zama hafsan soja ba. A 1980 aka zaɓe shi ɗan majalisa daga Tehran, Khomeini kuma ya naɗa shi wakilinsa a Majalisar Ƙoli ta Tsaro.

Nan akwai abin da bai kamata a ɓoye ba. A wurin gwamnatin Iran, Paveh labarin jarumta ne. A wurin Kurdawa da dama kuwa, wancan lokaci ne da aka murƙushe neman 'yancin gashin kansu da ƙarfin bindiga, aka kuma yanke wa mutane hukuncin kisa cikin gaggawa a kotunan Sadiƙ Khalkhali. Ba Chamran ne alƙalin ba, amma shi ne fuskar yaƙin, don haka har yau ba kowa ke ambatonsa da alheri a yankin ba.

Yaƙin Iraƙi da rasuwarsa

Ranar 22 ga Satumba, 1980 sojojin Saddam Husaini suka kutsa Iran. Chamran bai tsaya a Tehran ba, ya wuce Ahvaz a lardin Khuzestan ya kafa rundunar sa-kai ta yaƙin sari-ka-noƙe. Ali Khamenei, wanda daga baya ya zama jagoran ƙasar, yana tare da shi a can. A watan Nuwamba aka harbe shi a ƙafa a faɗan garin Susangerd, da ya ji sauƙi ya koma fagen daga. Ranar 21 ga Yuni, 1981 ɓarɓashin harsashin igwa ya same shi a ƙauyen Dehlaviyeh, ya rasu yana da shekara 48. An binne shi a maƙabartar Behesht-e Zahra da ke Tehran.

Abin da ya bari

A yau akwai babban titi mai sunansa a Tehran, babbar jami'ar Ahvaz ma sunansa take ɗauke da shi, kuma a 2014 darakta Ibrahim Hatamikia ya fitar da fim mai suna Che kan kwanakinsa a Paveh. Ƙanensa Mahdi Chamran ya daɗe yana shugabantar majalisar birnin Tehran.

Ni dai abin da na fi riƙewa shi ne salon da ya bi a Labanan: a fara da makaranta da hidimar talakawa, sannan a horar da matasan wurin su yi yaƙi da kansu. Hizbullah ta kafu ne bayan rasuwarsa, a farkon shekarun 1980, kuma wasu daga cikin mutanenta na farko daga Amal suka ɓalle. Idan kun ji ana maganar ƙawayen Iran a labarai, ku tuna ɗaya daga cikin tushen abin yana nan.