Daga Dalar Gyaɗa Zuwa Buhun Gahawa: Wa Ke Yanke Wa Manomi Farashi?

A shekarar 1988 aka fara sayar da gahawa mai tambarin Max Havelaar a ƙasar Holan. Ƙananan manoman Meziko ne suka noma ta, kuma alkawarin da aka yi musu shi ne farashi mai iyaka, wanda ba za a sauka ƙasa da shi ba ko da kasuwar duniya ta karye. A 2023 tsarin Fairtrade ya tsayar da farashin aƙalla dala 1.80 kan kowane fam na nauyi na gahawar arabika da aka wanke, da ƙarin santi 20 da ƙungiyar manoman ce ke yanke yadda za a kashe.

Mu a Kano ba ma noman gahawa, amma an taɓa yi wa manoman gyaɗarmu irin wannan alkawari. Layin dogo ya iso Kano a 1911, a 1912 cinikin gyaɗa ya kankama. Kamfanonin Turawa suna saye ta hannun attajirai irin su Alhassan Ɗantata, su kuma suna da 'yan baranda a ƙauyuka. A 1949 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa hukumar cinikin gyaɗa, a 1954 aikin ya koma hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Kowace kaka hukumar ke sanar da farashi, ta ce rarar da ta samu a shekarar riba za ta tallafi manomi a shekarar faɗuwa.

Rarar dai ba ta dawo yadda aka ce ba. Masanin tattalin arziki Gerald Helleiner ya ƙiyasta cewa daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa farkon 1960, haraji da rarar hukuma sun riƙe kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya kamata manomin gyaɗa ya samu. An yi ayyukan raya ƙasa da kuɗin, wannan gaskiya ne, sai dai ba a shawarci mai fartanya ba. Masana'antun matse mai na Bompai, unguwar masana'antu mafi tsufa a Kano, da guminsa suka tsaya kafin a buɗe Sharaɗa da Challawa.

Da farin 1973 ya zo, cutar kuturtar gyaɗa ta biyo baya a 1975, manomi ya koma gero da dawa, dalar gyaɗa ta ɓace. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta rushe hukumomin cinikin baki ɗaya, aka bar manomi da ɗan kasuwa.

Shi ma tsarin Fairtrade ana sukarsa, musamman kan 'yan ƙwadagon gona da ƙarin kuɗin ba ya kai musu sosai. Amma ya bambanta da hukumarmu a wuri ɗaya: manoman ke da ta cewa kan rarar.

Yau riɗi da zoɓo ne ke fita waje daga rumbunan Kano, Challawa kuma tana jeme fatun dabbobin makiyaya. Mu masu rubuta manhaja muna ɗokin kai wa manomi farashin Dawanau a wayarsa, kuma hakan na da amfani. Amma manomin gyaɗa ma ya san farashi, tunda sanar da shi ake yi kowace kaka. Abin da bai samu ba shi ne kujera a inda ake yanke shi, da ikon duba littafin lissafi. Kafin mu rubuta wata manhajar, ya kamata mu tambayi wa zai riƙe sikeli, wa kuma zai ga rarar.